Ajiya a Randar Gawi

"Ba kuɗi nake so ba," in ji saurayin, daga bayan ƙofar ƙarfen shagon magani da ya ɗaga kamu biyu. "Randa nake nema. Kuna da ita a gida?"

Zaliha ta dube shi kamar wanda ya zautu. Asabar ce da hantsi, 'yan tawaye sun shigo birnin Injamena, manyan bindigogi na ta amsa wa juna, unguwar Kilemat kamar an share. Ita kuwa ta keto hanya ne saboda ƙaninta Salihu, ɗan shekara biyu, wanda jikinsa ya yi zafi rau, duk abin da aka ba shi sai ya amayar. Mahaifiyarsu ta tsallaka kogi zuwa garin Kusuri saro kaya, rikici ya tsare ta a can.

"Muna da ta Gawi, garin magina randa, babba."

"To ji. Sunana Yunusu. An ɗauke kuran, ba wutar lantarki tun jiya, firijo ya mutu, gidanmu kuma can unguwar Shagwa, ba hanya. Wannan kwalin sufo ne, zafi narkar da shi yake yi. Ki ajiye mini a ruwan randarku, ni kuma in ba ki uku don ɗanki. Ciniki ya faɗa?"

"Ƙanina ne."

"Ashe ciniki ya ƙara kyau."

Ta kau da kai. "Mene ne kuma sufo?"

"Ba ku daɗe da zuwa daga Najeriya ba, ko?" Ya nuna mata wani ɗan abu mai tsini cikin farar leda, bai kai ƙwallon dabino ba. Sai ya sunkuyar da kai, muryarsa ta yi ƙasa. "Ba sha ake yi ba. Ta dubura ake sawa, don yaron da ba ya riƙe komai a ciki. Ki wanke hannu, ki kwantar da shi a gefe, ki naɗe masa gwiwa, ki jiƙa bakin maganin, ki tura a hankali da ɗan ƙaramin yatsa. Sai ki matse masa ɗuwawu na ɗan lokaci kada ya dawo. In zafin ya sauka, ga ƙwayar zazzaɓin sauro, ki ba shi. In hanya ta buɗe, sai asibiti."

Kunya ta kama su duka biyun. Ta kwatanta masa gida, ta rungumi kwalin ta ruga.

Ta naɗe kwalin cikin leda ta sa a randa. Nata guda ukun kuwa ta ɗaure su daban da ɗan dutse, suka nutse ƙasa. Sannan ta je zaure, inda mahaifinta Alhaji Haladu ke zaune da Mijinyawa, abokin cinikinsa na atamfa, wanda ya daɗe yana neman aurenta, Alhaji kuma na kallonsa da idon suruki.

Da ta gama bayani, Alhaji ya tuɓe hula ya ajiye a gwiwa.

"A gidana? Tun kaka da kakanni da baki aka san magani. Wani ɗan iska ya gan ki baƙuwa, ya yi miki wasa da hankali."

"Na san samarin garin nan, Alhaji," in ji Mijinyawa. "Tarbiyyar Faransa ce. Kuma har cikin ruwan shanku?" Ya tashi ya tsamo kwalin, ya cilla shi kan kwanon ɗakin girki, inda rana ke dukan ƙarfe.

"Amana ce, Baba," ta ce.

"Amanarki ƙaninki. Je ki ba shi jiƙo."

Ta ba shi, ya amayar. Mijinyawa ya kawo ragowar wani maganin ruwa, shi ma ya dawo. Kafin azahar ɗin Lahadi Salihu ya daina kuka, leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa na juyewa. Harsashi ya fasa bangon maƙwabta. Ba asibiti, ba rezon kiran waya, ba uwa.

Cikin haka aka yi sallama. Yunusu ne, rigarsa duk ƙura, ya biyo gindin katangu ya zo ɗibar maganin wasu yara biyu na bayan kasuwa. Zaliha ta nuna masa kwanon ɗakin girki. Ya hau turmi ya sauko da kwalin, ya matsa leda ɗaya, ta lotse kamar man shanu. Ya daɗe yana kallon ledar. Sai ya ajiye kwalin.

"Ina yaron?"

Da ya taɓa goshin Salihu sai ya durƙusa gaban Alhaji.

"Baba, in wasa na yi wa 'yarka, ga ni a gidanka. Ba zan fita ba sai an ga ƙarshen abin, ka yi mini yadda ka ga dama. Amma yaron nan ba zai jira mu gama gardama ba."

"Bari in nemo likita na gaske," in ji Mijinyawa, ya suri jakarsa ya fice.

"Ai sun narke," in ji Alhaji.

Zaliha ta zura hannu cikin randa har kafaɗa, ta fito da ƙullinta. Sanyi ƙalau, da ƙarfinsu.

"Baba, ka yafe mini. Zan sa masa."

Alhaji ya dubi ɗansa namiji tilo. Sai ya zauna a tabarma, ya ɗora shi a cinya, ya naɗe masa gwiwa da hannunsa. Yunusu ya juya musu baya yana faɗa mata daki-daki. Na farko ya sulluɓe mata ya faɗi cikin ƙasa.

"A hankali, saura biyu," in ji shi. "Yi bisimilla."

Na biyu ya shiga. Ta matse, tana ƙirga tashin bindiga a madadin agogo.

Ba wanda ya motsa har inuwa ta kai gindin randa. Sai gumi ya tsatso wa Salihu a wuya. Ya buɗe ido, ya ce, "Yaya, ruwa." Ya sha, bai amayar ba. Aka ba shi ƙwayar, ta zauna. Zaliha ta miƙa wa Yunusu na ukun, ya kai wa ɗaya daga cikin yaran bayan kasuwa.

Da gari ya lafa, aka kai Salihu asibiti, rezo ya dawo, ta rubuta wa Yunusu saƙo a waya:

"Na ci amanarka. Ban san da wane ido zan dube ka ba."

Amsa ta zo nan take:

"Da irin wanda kika dube ni ranar Asabar, Mai Randa. Ɗayan yaron ma ya rayu, da jiƙaƙƙen zane uwarsa ta yi ta fama. Ina da wata ajiyar, ita ma zafi na narkar da ita. Za ki karɓa?"

"Likitana, wannan ba ta shiga randa. Ka turo manya."

Da manyansa suka zo, Alhaji ya so ya noƙe. Ya ce wa matarsa Kubura, mahaifiyar Zaliha, wadda ta dawo daga Kusuri, ba su san asalin mutanen nan ba, Hausarsu ma rabi Larabci ce.

"Alhaji," ta ce, "wanda ka san asalinsa, yau wata biyu yana nemo maka likita a Kusuri."

Bayan ƙaramar salla aka ɗaura aure. Alhaji da kansa ya je Gawi ya zaɓo sabuwar randa aka sa cikin kayan ɗaki. Ya dafa kan ango ya ce, "Ga ajiyata ni ma. Kada ka bar ta a rana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya tagari."

In aka zo lissafin cinikin nan, Yunusu ya yi asarar kwali guda ya samu mata, Alhaji ya yi asarar gardama ya tsira da ɗansa. Mijinyawa kaɗai ya fita da jakarsa cif, bai rasa ko allura ba, kuma shi ne ya faɗi.