Daminar Segbana

"Sun maido takarduna, Najiba," in ji Bunyaminu.

Najiba ta dafa bangon zaure. Jibi wa'adin mahaifinta, Alhaji Sodangi, zai cika: ko Bunyaminu, saurayinta ɗan Benin, ya kawo shaidar an karɓi neman zamansa ɗan Najeriya, ko a rufe zancen aurensu.

"Shekararka sha takwas a Zagga! Ba sha biyar suka ce ba?"

"Sun cire watannin damina daga lissafi, rabin raina..."

Ashe! Kowace damina yakan rufe shagon gyaran injin ban-ruwa, ya tsallaka Segbana wata uku ya nome wa tsohuwarsa gona. Shi a ganinsa gona ya je, ba ƙasar waje ba. Wa ke kiran tafiyar babur ƙasar waje? Amma doka ba ruwanta, Segbana Benin ce. Kuma Sadisu, ɗan ƙanen Alhaji da ya daɗe yana haɗiyar yawu a kan Najiba, shi ya kwashi ƙafa har Birnin Kebbi ya tona wa hukuma. Allah wadaran hali irin wannan!

"Saura shekara ɗaya da rabi, in ban taka iyaka ba ko sau guda."

"To ka zamna mana!"

"Inna fa? Ba ta da kowa sai ni, kuma ta rantse ba ta barin gidan da ubana ya gina."

Ya sunkuyar da kai.

"Ki yafe mini. Ba ni iya barinta da yunwa."

Tsoro ya kama ta sosai, don ta gane bankwana ya zo yi.

"Tsaya nan, kar ka motsa!"

Ta faɗa cikin gida, ta durƙusa gaban mahaifinta, ta zayyana masa komai.

"Shi ke nan, magana ta ƙare," in ji Alhaji. "Dela ƙanwata can Benin ta yi aure. Da aka rufe iyaka ta rasu, ko gawarta ban gani ba. Ba ni sake ba baƙo ɗiya!"

"Baba, in ya zaɓe ni ya yar da uwa tai, kana ba shi ni?"

Ba ta jira amsarsa ba, ta ɗora.

"Shi ake ƙirga ma kwana, Baba, ni ba mai ƙirga mini. A ɗaura auren. Ni in zamna da Inna, in sa a yi noman, shi ya tsaya nan gabanka har kwanakinsa su cika."

"Can ɗin da nike gudu, can za ki?"

"Kowace Juma'a ina nan, Baba. In ban je ba, har abada baƙo ne..."

Tsohon ya daɗe yana jan carbi, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Kira min shi."

Ranar kai amarya, ayari ya tsaya a Tsamiya, bakin shingen iyaka. Mata na guɗa, ango ya sauko daga mota.

Najiba ta ɗaga mayafi kaɗan, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Ango, ko taki ɗaya ka ƙara, sai na faɗa wa Baba."

Ya yi dariya yana share ido.

Aka ɗaga shinge. Motar amarya ta wuce gidan mijinta, mijin kuwa yana tsaye a Najeriya yana ɗaga mata hannu.