Tsagar da Wada Bai Toshe Ba

Ku dai ba ku da ta-ido! Wa ya aike ku tambayar abin da ya kurmantar da kunnen kakanku Wada? To ku zauna, wanda ya yi fitsarin kwance kuwa shi zai wanke tabarmarsa.

Wada maigidana kafinta ne a wurin gyaran jiragen ruwa na Jidda, ranar Alhamis yake dawowa gida Misfala, unguwarmu a nan Makka. Aikinsa toshe tsagar katako: a tsoma auduga a man kifi, a cusa ta ciki da guduma, sannan a shafe da kwalta. Wata jajibirin Sallah yana saurin tafiya gida, ya bar tsaga ɗaya fanko a cikin wani sambuk, jirgin katako mai ɗauko alhazai daga Sawakin ta Sudan. Ya shafe ta da kwalta, ya ce halas, an gama.

Jirgin ya nutse da mutanenmu talatin da bakwai. Aka ce iska ce. Wada ya bar su a kan haka, ya ci gaba da aikinsa.

Bayan yaƙin Turawa, da aka fara dasa wa tsofaffin jirage inji, sai ga sambuk ɗin an tsamo shi an kawo gyara. Wada ya gane aikinsa. Kafin usta, babban wurin, ya duba, ya ɓamɓare katakon da tsagar take ya naɗe a buhu, ya hau lori zuwa Makka. Wai nan babu teku, babu mai gani.

Gab da magariba ya sauka, katako a kafaɗa, ya shiga lungunmu. Ba kowa. Sai ƙarnin kifi.

Kafaɗarsa ta jiƙe. Ya lasa. Gishiri.

Wata tsohuwa ta yi magana dab da kunnensa na dama, da Hausar Sakkwato.

"Ɗana, mun iso?"

Matattu ba sa dawowa, kar wani ya ruɗe ku. Aljanin ruwa ne ya tare a tsagar nan, ya kwashe muryoyinsu. Da a ce da Larabci ya yi magana, da Wada ya yi a'uziyya ya jefar. Amma baƙo ya tambaye ka hanya da harshen uwarka a garin nan? Bakinsa ya riga hankalinsa.

"Kun iso, Inna. Sannunku da hanya."

Ya yi musu maraba ke nan.

Ruwa ya kama idon sawunsa. A busasshen lungu.

Ya kai gwiwa. Sanyi kamar ƙarfe.

"Shekara tara muna jiƙewa," in ji muryar, yanzu ta mutane da yawa. "Ka bar aiki, kafinta. Mu za mu ƙarasa."

Ƙwas.

Ƙarar guduma. Wani abu mai laushi, mai warin mai, ya shige kunnensa.

Ƙwas. Ƙwas.

Ya buɗe baki zai yi ihu, ya ji audugar a leɓensa.

"Ni ne!" ya ce. "Ba iska ba ce! Ni na bar ta!"

Sai ladanin Harami ya ɗaga murya.

Maƙwabcinmu Tijjani mai shayi ya tsince shi kwance cikin ƙura, jiƙe sharkaf har wuya. Ya kuma ji abin da ya faɗa, shi da rabin lungu.

Kwana uku ina zaro auduga daga kunnen nan da tsinke. Ni, da hannun nan. Ban ce masa sannu ba. Da ya miƙe ya mai da katakon Jidda da ƙafa, ya aje gaban usta, ya faɗi gaskiya. Aka kore shi. Kunnen bai sake jin maganar mutum ba, sai kaɗawar teku, har ya koma ga Allah.

Yalla, kowa ya kwanta! Ke Asiya, sharar da kika tura ƙarƙashin tabarma ɗazu, na gan ki. Kwashe ta tukuna.