Farantin da Ya Fito Fari

A wani gari an yi wata mata mai aiki a ɗakin gwajin magunguna. A can ake rainon ƙwayoyin ciwon daji a ƙananan farantai, a zuba musu sabon magani. Aikinta ta ɗiga musu rini mai launin shunayya. Ƙwayoyi masu rai sukan manne su sha rinin, matattu kuwa ruwa ya tafi da su.

Kullum haka take yi: ta ɗiga, ta jira, ta wanke a hankali.

Ran nan tana sauri, sai ta buɗe famfo da ƙarfi. Faranti ya fito fari fat. Babban likita ya gani, ya ce, "Alhamdu lillahi, maganin ya kashe su duka. Bari in rubuta a fara ba marasa lafiya."

In ta yi magana, wataƙila a sallame ta. In ta yi shiru, marasa lafiya za su dogara da abin da ba a tabbatar ba. Ta bi shi har ofis.

"Ranka ya daɗe, ba maganin ba ne, famfo ne. Ni na wanke da ƙarfi, ruwa ya tafi da masu ran ma."

Ya daɗe yana kallonta, sannan ya yaga takardar. "To, a sake."

Bayan mako uku, an sake zuba maganin, ta ɗiga, ta jira, ta wanke a hankali. Faranti ya fito shunayya ko'ina. Ƙwayoyin suna nan da ransu.