Haƙori Cikin Kwalla

Ukasha ya ba Rumaisa haƙori, ita kuma ta ɓoye shi cikin kwallar uwarta.

Da hantsi Inna Ƙande ta buɗe kwalla neman zane, ta gan shi. Baƙi, tsawon yatsa, naɗe a farin ƙyalle. Ta saki salati har maƙwabta suka leƙo.

"Sammu! An yi wa 'yata sammu!"

Rumaisa ta shigo da gudu. Juma'a mai zuwa za a sa ranar aurenta da Ukasha.

"Inna, wallahi kyauta ce..."

"Kyautar haƙori? Shi ya sa ba kya ganin kowa sai shi!"

Babanta Malam Bunu ya aika a kira Ukasha. Da ya iso, Rumaisa ta laɓe bayan dangar zaure.

"Me kake karanta a jami'ar Yamai?" in ji Malam Bunu.

"Paleyontoloji, Baba."

"Da Hausa."

"Paleyo na nufin abin da ya daɗe ƙwarai. Ƙasusuwan dabbobin dā muke tonowa a hamadar Agadas. Wannan haƙorin kada ne."

"Kada a hamada?"

"Da can akwai ruwa, Baba..."

"A nan Kwaya, wanda ya tono ƙashi ya kai gidan mutane, sunansa ɗaya. Ko ka bar tonon, ko ka bar 'yata."

Rumaisa ta tuna ranar da Ukasha ya sa mata haƙorin a tafin hannu, yana cewa: Abin da na fara samu da hannuna ne, sanyin idona, ba wanda zai riƙe sai ke.

"Na bari, Baba," in ji Ukasha.

Ba ta taɓa jin muryarsa ta mutu haka ba.

"Rumaisa! Na san kina nan. Shigo," in ji Malam Bunu.

Ta shiga ta durƙusa. Ukasha bai ɗago ba. Hawaye na ɗiga kan gwiwarsa.

"Ɗauki abin nan ki jefa a tsohuwar rijiya. Ki jefa, Juma'a tana nan."

Ta ɗauka.

"Jefa kawai, masoyiyata," Ukasha ya ce a hankali. "Ke na zaɓa."

Ta dube shi. Ta ga mutumin da za ta zauna da shi in ta jefa, ba shi ne wanda take so ba. Ta dunƙule hannu har haƙorin ya soke ta.

"Tashi mana!" in ji Malam Bunu.

"A'a, Baba. Ba zan jefa ba."