Baƙin Tabarau na Imrana

Da hantsi, a wani ɗaki bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda, Mardiyya ta ɗora kan mijinta Imrana bisa cinyarta tana ɗiga masa magani a ido. Watansu biyar da aure. Idon hagu ya mutu tun damben bara, ya yi fari kamar nono. Na dama kaɗai ya rage, shi ma likita ya ce naushi ɗaya ya ishe shi.

Ban da su biyu da likita babu wanda ya sani. A waje kuwa Imrana ɗan dambe ne da ba a taɓa kai shi ƙasa ba. Sai ya sa baƙin tabarau, ya buɗe kafaɗu, yana taku ɗai-ɗai kamar garin gadonsa ne. Samari har sayen irin tabaran suke yi, ba su san rufin asiri ba ne.

"Baba ya amsa mani gayyar damben mutanen Shinkafi," in ji shi. "Ranar Alhamis, in kasuwa ta tashi."

"Inna lillahi! Ka faɗa mishi gaskiya mana!"

"In ce mi? Ɗan Wakili ya ji tsoro? Mardiyya, tafiyar ga da kike gani ina yi, ta zame mani kurkuku. Ko ciwon kai nike, in na fita dole in yi ta."

Da la'asar ta cire kunya, ta je ta durƙusa gaban surukinta Wakili, tsohon ɗan damben da har yau ba ya wuce makaɗa sai sun juya kiɗa zuwa takensa.

"Baba, don Allah a ɗaga wasan nan."

"Dalili?"

Ta sunkuyar da kai, don ta yi wa mijinta alkawarin ba za ta tona maganar idon ba.

"Na sani! Tun da kika shigo gidan ga jininshi ya yi sanyi. Tashi ki ba ni wuri!"

Ta koma ɗaki ta yi kuka mai isarta. Ranar Alhamis, Imrana na ɗaukar igiyar ɗaure hannu, ta tare ƙofa.

"Ba zan hana ka ba. Amma idon nan ba naka ba ne kai kaɗai. Ina da ciki. Wa zai faɗa maka kamar wa ya yi?"

Ya sa tabarau ya fita.

Ta wuni bisa tabarmar salla. Gab da magariba ta hango wani yana tafe a hankali, kansa a ƙasa, tabarau a hannu. Sai da ya matso ta gane mijinta ne.

"Na shiga fili, kalangu na tashi," in ji shi. "Na cire tabarau, na kwance hannu, na ce jama'a, ga abin da nike ɓoyo. Ihu, Mardiyya! Har da jifa. Baba ya juya mani baya."

Wata shida Wakili bai amsa gaisuwarsu ba. Imrana ya koma rumfar nama, yara na kwaikwayon tsohon takunsa suna dariya. Kullum Mardiyya ta kai wa tsoho tuwo, a maido mata kwano a rufe. Gobe ta sake kaiwa.

Ranar suna, ana raba goro, sai ga Wakili yana dogara sanda. Ya karɓi jaririn, ya kai shi dab da fuskarsa, ya daɗe yana ƙyafta ido. Hawaye suka zubo masa.

"Imrana, zo. Nawa idanun dambe ya cinye rabinsu, ban taɓa faɗa ma kowa ba. Kai da kake gani, duba mani, hancin ga nawa ne?"

Imrana ya duba da kyau. "Naka ne, Baba."

Haka haƙurin Mardiyya ya yi rana. Taƙama riga ce da 'yan kallo ke ɗinka wa mutum, in ta shaƙe shi kuma su watse. Jarumi shi ne wanda ya iya tuɓe ta a gabansu.