Tambayar da Zuweira Ta Yi Kan Bam Ɗin Hiroshima

Jakar kayanta ce ta fara faɗowa kan matakalar benen da suke zaune a unguwar Morris Heights, can Amurka, sannan takalmanta suka biyo baya. Zuweira ta durƙusa tana tattarawa.

"Kawu, don girman Allah, me na yi?"

"Me kika yi? So kike a kwashe mu duka a zuba a jirgi a mayar da mu ƙasarmu!" Kawu Hambali, wanda ya riƙe ta tun rasuwar iyayenta, ya cusa mata waya a fuska. Ga ta a bidiyo tana cewa, "Amurka ta yi ta'addanci..." shi ke nan, ya yanke.

Innalillahi! Muryarta ce, amma ina sauran maganar? Zuweira in ta taso daga kwaleji, aikin jinyar wata tsohuwa 'yar Japan take yi, Madam Fumiko, wadda tana ƙarama aka jefa bam ɗin nukiliya a garinsu, Hiroshima. Kullum ita ke shafa mata mai a tabon ƙunar da ke bayanta. Abin ya tsaya mata a rai, shi ne a ajin tarihi ta ɗaga hannu: "Malam, wasu sun ce Amurka ta yi ta'addanci, wasu sun ce bam ɗin ne ya tsayar da yaƙi. Ni kaina ya kulle, wanne ne?" Ashe Ilham, 'yar Kawu, wadda ke jin zafin yadda Zuweira ke fin ta a aji, ta ɗauka ta datse ta watsa.

Kamfanin jinya ya sallame ta, kwaleji ta dakatar da ita, a masallaci ma mata suka riƙa janye jiki. Abena mai kitso ce ta ba ta tabarma a shagonta da ke titin 125th Street. A nan Zuweira take kuka tana addu'a: "Ya Allah, tambaya fa kawai na yi... Ka wanke ni!"

Ranar da kwamitin ladabtarwa na kwalejin ya zauna, malamin ya kunna cikakken faifan darasin, aka kuma binciko daga wayar da guntun ya fito. Ilham ta zube tana rantse-rantse, nan take aka kore ta. Kawu ya rufe fuska da hula, ya ce wa Zuweira: "Ki yafe mini, 'yar nan, tsoro ne ya rufe mini ido."

Madam Fumiko kuwa ta ƙi yarda kowa ya taɓa ta, sai da aka dawo mata da Zuweira. Tana shiga, ta faɗa jikin tsohuwar tana shessheƙa.

"Mama, har yau ban san amsar ba. Ta'addanci ne ko yaƙi?"

Tsohuwar ta share mata hawaye da tafin hannu.

"Ni ma na tsufa ban sani ba, 'yata. Abin da na sani, lokacin da bam ɗin ya faɗo uwata shanya take yi. Tashi ki ɗauko man nan, bayana ya bushe."