Koren Zaren Kaka

A wani gari can, an yi wata yarinya mai zama da kakarta makauniya. Kakar gwanar saƙa ce da kwarashi, yarinyar kuwa ita ke miƙa mata zare.

Ran nan kakar tana saƙa wa jaririn maƙwabta rigar suna. Da ta gama da farin zare, sai ta ce, "Miƙo mini koren, 'yar nan."

Ashe yarinyar ta riga ta ƙarar da koren wajen yi wa 'yar tsanarta kitso. Sai ta miƙa baƙi.

"Kore ne?"

"Kore ne, Kaka."

Kwarashi na tafiya, baƙi na hawa kan fari. Kakar ta shafa rigar ta yi murmushi.

"Kore ne dai ko?"

Can sai ga sallama a ƙofar gida, wata baƙuwa ta zo karɓar rigar.

Yarinyar ta riƙe hannun kakar. "Kaka, baƙi na ba ki."

Kakar ta zare kwarashin, ta damƙa mata bakin zaren.

"Ba ni da wani ido sai ke. Warware. In kin gama, ki fita ki gaya wa baƙuwar dalili da bakinki."

Yarinyar ta share hawaye, ta fara jan zaren.